Sallah a Yawunde, yara a Garwa

Shekaranjiya ɗan ƙanena ya shigo gaishe ni yana ta lissafin ragunan da zai kai Yawunde, wai bana sai ya sayar da na ƙarshe zai juyo, ko da sallar layya ta wuce. Na ce toh yaran fa? Ya ce "Baffa ai na biya tela, ragonsu ma na ɗaure, ranar idi sai mu yi bidiyo a WhatsApp." Wallahi jikina ya yi sanyi, don in ka cire zancen bidiyo maganata ce sak ta lokacin ƙuruciya.

Ni ma sana'ata kenan. Mu tara raguna daga kasuwar Lahadi ta Pitoa da wajen Gidar, mu loda a kamiyo mu hau dutsen nan na hanyar Gaundare, mu gangara kudu, kuma duk mai wannan harka ya san cinikin rago a jajibere yake, lokacin da mutanen Briqueterie, unguwar Musulmi a Yawunde, ke rububi, wa zai bar kasuwa a ranar? Haka na dinga yin idi a garin mutane shekara da shekaru. Kuma a yi min adalci, 'ya'yana ba su taɓa fita sallah da tsohon kaya ba, ko bayan an karya darajar sefa a 1994 shadda ta yi tsadar da magidanta da yawa suka haƙura, nawa sun sa sabuwa, kuɗin lekol ma daga ragunan nan ya fito. Ba yawon banza na je ba.

Amma maƙwabci ne ya riƙa riƙe hannun babban ɗana zuwa filin idi. Kawunsa ne ya ɗora shi a wuya ya ga dawakin Lamiɗo suna sukuwa ana harba bindiga, wurinsa kuma ya koyi fiɗa da yadda ake kasa nama, na maƙwabta daban na mabukata daban. 'Yata kuwa kafin in dawo lallenta ya koɗe, ta miƙo min hannu tana cewa Baba da ka ga yadda ya kama, ni kuma na zaro goron sallah na ba ta na shiga ɗaki na kwanta don gajiya. Wannan har yau yana cina. Ko da yake ai uwarsu na nan, ba a titi na bar su ba... toh amma yanzu babban yana Njamena, duk sallah kuɗi yake turo min, ba ya zuwa, kuma ban da bakin yi masa faɗa.

Na so in jero muku shawarwari da yawa, na duba na ga ba su da yawa. Ka koma gida ranar sallah kawai. Ka karya farashi ka sayar da wuri, ko ka bar wa abokin ciniki ragowar ku raba riba. Amma kuma kar wani ya ce ni na ce ya zauna gida hannu rabbana yara ba ko takalmi, wannan ma zalunci ne, in tafiyar ta zama dole ka tafi, ban san halin aljihunka ba.

Abin da ke ban haushi da ku yaran yanzu, wanda ma yake gidan ba ya gidan. A jera yara a ɗauki hoto a ɗora a status, shikenan uba ya bi abokai a moto sai dare. Haba! Sa wayar nan a aljihu, ka kama hannunsu ku taka zuwa gidan kakanni da gwaggonni, su ga yadda kake durƙusawa kana gaida manya, ka bar ɗan ya riƙe ƙafar rago ko da zai ɓata rigar. Kuma in sallah biyun ba za su samu ba, zaɓi ɗaya tun yanzu ka gaya wa abokin cinikinka kafin a loda kaya.