Kashi 58 cikin ɗari, amma na mutum nawa?

An ba ni aikin haɗa rahoton jarrabawar ƙarshen shekara na makarantun da ofishinmu ke kula da su. Abin da ake so shi ne in jera su daga wadda ta fi cin jarrabawa zuwa ta ƙarshe, in kuma nuna wadda ta ci gaba daga bara zuwa bana da wadda ta ja baya. A ido aikin ba wuya. Ka raba adadin waɗanda suka ci da adadin waɗanda suka zauna, ka ninka sau ɗari, manhajar lissafi ta Excel ta jera maka su nan take.

Da jerin ya fito, sai na tarar ƙananan makarantu sun cika samansa. Na gangara ƙasa, can ma su ne. Manya masu ɗaruruwan ɗalibai kuwa duk sun taru a tsakiya, ba sa yin nisa da juna. Wannan ya tsaya mini a rai, don ba zai yiwu ƙanƙantar makaranta ta zama dalilin ƙwazo kuma ta zama dalilin lalacewa a lokaci guda ba.

Sai na ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda suka fi faɗuwa na duba ta da kyau. Ɗalibai 12 ta zaunar a kowace shekara. Bara 9 suka ci, wato kashi 75. Bana 7, wato kashi 58 da ɗoriya. A kan takarda ta rufta da kusan maki 17, abin da zai sa a kira shugabanta ya zo ya yi bayani. A zahiri yara biyu ne. Wataƙila ɗaya rashin lafiya ta kama shi ranar jarrabawa. A makaranta mai ɗalibai 600, yara biyu ba su kai rabin maki ɗaya ba, kuma kafin ta faɗi da irin wannan tazara sai an samu ƙarin yara 100 sun faɗi. Lamba ɗaya ce a jadawali, amma ɗaya tana iya zama tsautsayi kawai, ɗayar kuwa gobara ce.

Masana lissafi sun daɗe da sanin haka. Tun 1730 Abraham de Moivre ya nuna yadda tangal-tangal ɗin matsakaici ke raguwa idan adadi ya ƙaru, kuma ba ya raguwa daidai da ƙaruwar. Idan ka wurga tsabar kuɗi sama sau 25, kaucewar da za ka saba gani daga kashi 50 tana kai maki 10. Sai ka wurga sau 2,500 kafin ta sauko maki 1. Kana son rage tangal-tangal da rabi, dole ka ninka adadin sau huɗu. A 2007 masanin ƙididdiga Howard Wainer ya yi rubutu kan illar jahiltar wannan ƙa'ida, ya kawo misalin kansar ƙoda a Amurka: ƙananan hukumomin da cutar ta fi ƙaranci na karkara ne masu mutane kaɗan, waɗanda ta fi yawa a cikinsu su ma irinsu ne. Ya nuna haka a makarantu ma, a lokacin da Gidauniyar Gates da wasu suka zuba kuɗi mai yawa a kan ƙananan makarantu, bayan an lura suna yawan fitowa a sahun gaba. A sahun baya ma suna nan da yawa.

Abu na farko da na yi shi ne hana kowane kashi tsayawa shi kaɗai. A gefensa na rubuta asalin adadin: 7 cikin 12, 350 cikin 600. Wannan kaɗai ya sauya yadda ake karanta shafin, domin ido ba ya wuce "cikin 12" bai dakata ba. Daga nan na yi zanen da ake kira mazurari, wanda masanin ƙididdiga David Spiegelhalter ya yaɗa amfani da shi wajen kwatanta asibitoci a Birtaniya. Girman makaranta a kwance, kashin cin jarrabawa a tsaye, matsakaicin kowa a tsakiya, sai layuka biyu masu faɗi a wajen ƙanana suna tsukewa a wajen manya. Duk ɗigon da ke cikin mazurarin, sa'a kaɗai ta isa ta kai shi inda yake. Makarantar nan mai yara 12 tana ciki daram. Wata babba kuwa, wadda ta zauna lafiya lau a tsakiyar jerin farko ba wanda ya kula da ita, ta fita waje ta ƙasa. Ita ce mai buƙatar a je a duba.

Maganar canji daga bara zuwa bana ta fi cin lokacina, saboda "ya ƙaru da kashi kaza" ma'ana biyu gare ta. Abin da ya tashi daga kashi 2 zuwa kashi 4 ya ƙaru da maki biyu, kuma ya ƙaru da kashi 100. Duka gaskiya ne, amma ba su tayar da hankali iri ɗaya. A watan Oktoba na 1995 kwamitin kula da amincin magunguna na Birtaniya ya yi gargaɗin cewa wasu sababbin ƙwayoyin hana ɗaukar ciki suna ninka haɗarin daskarewar jini sau biyu. Ninkin nan daga kimanin mace 1 cikin 7,000 ne zuwa 2 cikin 7,000. Mata da yawa suka firgita suka daina sha, cikin da ba a shirya masa ba ya ƙaru. Don haka a rahotona duk inda na ambaci canji sai na faɗi inda aka taso da inda aka iso, mai karatu ya ga tazarar da idonsa.

Wani abokin aiki ya ce in tara kason duk makarantun in raba da yawansu, a samu matsakaicin yankin. Na yi masa lissafi a bayan takarda. A ce ɗaya tana da yara 20, kashi 90 suka ci, ɗayar tana da 480, kashi 50 suka ci. Hanyarsa za ta ba da 70. Amma yaran da suka ci 18 ne da 240, wato 258 cikin 500, kashi 51.6. Ya duba, ya ce in bar shi a yadda nake yi. Haɗa jimillar ma da nata tarkon. A 1973 sashen karatun gaba da digiri na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya ɗauki kimanin kashi 44 na mazan da suka nema, mata kuwa kashi 35. Da aka bi sashe-sashe, a mafi yawansu ba a ga an danne mata ba. Matan sun fi neman sassan da ke da wahalar shiga ga kowa ne.

Mai gidanmu a ofis jeri yake so, na ɗaya zuwa na ƙarshe, don shi ake iya karantawa a taro. Na ce masa, "Yallaɓai, jerin nan zai sa a yaba wa wani a tsawata wa wani a kan yara biyu, baɗi kuma su yi musayar wuri ba tare da ɗayansu ya sauya komai ba." Bai so ba da farko, amma muka tsaya a kan matsaya: manyan makarantu a jera su, ƙanana a haɗa musu sakamakon shekara uku a jadawali na daban, ziyarar bincike kuma ta fara da waɗanda suka fita daga mazurari. Game da yara biyar ɗin da suka faɗi a ƙaramar makarantar, na roƙa a tambayi malamansu abin da ya samu kowannensu, tunda a aji mai mutum 12 malami ya san kowa da sunansa.