Tuban Yahuda da Zaman Lafiyar Jos

Yahudawa sun kasa Attaura zuwa kashi 54, suna karanta kashi ɗaya a wurin ibadarsu kowace Asabar, wani lokaci su haɗa biyu, har su sauke a ranar bikin da suke kira Simhat Tora, su kuma sake ɗorawa daga farko a ranar. Saboda wannan tsari, labarin Annabi Yusuf (AS) yakan zo musu a watannin da hunturu ya kankama a nan Jos, kuma sukan shafe makonni huɗu a kansa, daga babi na 37 zuwa na 50 na Littafin Farawa. Kashi na uku daga cikin huɗun nan, mai suna Wayigash, shi ne ya fi tsaya mini a rai.

Mu da muka tashi da Suratu Yusuf mun san yadda aka sami kofin sarki a cikin kayan Binyaminu. A riwayar Attaura, ɗan'uwan da ya fito ya yi magana a lokacin shi ne Yahuda, wanda shi ne dai ya ba da shawarar a sayar da Yusuf, aka kuwa sayar da shi a kan azurfa 20 yana ɗan shekara 17. Bayan shekara 22 sai ga irin wannan dama ta sake samuwa: ga wani ɗan lelen Yakubu a hannun hukuma, ga hanyar komawa gida a buɗe, ba wanda zai zarge su idan suka bar shi. Sai Yahuda ya roƙi a riƙe shi bawa a madadin yaron, domin ba zai iya komawa ya ga baƙin cikin da zai sami mahaifinsa ba. Sai da Yusuf ya ji wannan ne ya bayyana kansa.

Musa bin Maimun, malamin Yahudawa da aka haifa a Kurɗuba ta Andalus, ya rasu a Masar a 1204, ya rubuta cewa cikakken tuba shi ne mutum ya sake samun damar aikata laifin da ya taɓa yi, da ikonsa da ƙarfinsa, amma ya kame, ba don tsoro ko gajiyawa ba. Da wannan ma'auni masu sharhi da dama suke karanta tsayuwar Yahuda, kuma a ganina shi ne ma'aunin da ya kamata mu auna sulhunmu da shi. Tun rikicin Satumban 2001, da na 2008, da na 2010, an yi tarukan sulhu masu yawa a wannan gari, an yi musafaha, an ɗauki hotuna, amma har yanzu akwai unguwannin da mai wani addini yake shakkar kwana a cikinsu. Tuban da za a yarda da shi shi ne na saurayin da jita-jita ta sake tashi, abokansa suka sake fitowa titi, ga baƙo ya faɗo hannunsu, shi kuwa ya tsaya tsakaninsu da baƙon.

Akwai kuma ladabin wanda aka zalunta. Kafin Yusuf ya bayyana kansa ya sa aka fitar da duk Misirawan da ke wurin. Rashi, mai sharhin da ya rayu a Faransa tsakanin 1040 da 1105, ya ce ya yi haka ne domin ba zai iya jure wa a kunyata 'yan'uwansa a gaban baƙi ba. Talmud ma, babban kundin koyarwar malaman Yahudawa, ya kamanta kunyata mutum a bainar jama'a da zubar da jininsa. Wannan kuwa gargaɗi ne gare mu a zamanin da ake tone asirin mutum a Facebook kafin a nemi jin ta bakinsa.

Abin da ya fi kusa da tarbiyyarmu shi ne batun hakkin bawa. Malaman Yahudawa sun ce ko azumin Yom Kippur, ranarsu mafi girma ta neman gafara, ba ya kankare laifin da ke tsakanin mutum da ɗan'uwansa sai ya je ya nemi yardarsa. Musa bin Maimun ya fayyace yadda ake yi: a mayar da abin da aka karɓe, sannan a nemi afuwa, idan aka ƙi sai a koma da mutum uku, har sau uku, kuma ya hana wanda aka zalunta taurin zuciya idan an zo masa da gaskiya. Idan kuwa mai hakkin ya riga ya rasu, sai mai laifin ya tafi kabarinsa da mutum goma ya amsa laifinsa a gabansu, ya miƙa dukiyar ga magada, in bai san magadan ba ya ajiye ta a hannun alƙalai. A Jos akwai gidaje da shaguna da filayen da masu su suka bari a guje, wasu suka sayar a wulaƙance don tsira da rai, kuma magadan da yawa daga cikinsu suna nan da ransu, ana iya samunsu.