Tsohuwar kwamfuta da tele a Damagaram

Commodore 64 ɗin da ke ɗakina, kwamfutar shekarun 1980, daga Kano ta zo, cikin kayan gwanjo. Duk wanda ya shigo da irinta nan Damagaram ya jona ta da tsohuwar tele, hoto fari da baƙi zai gani, sai ya ce ta lalace. Lafiyarta lau. Ita da PAL take aiki, tsarin launin hoto na tsoffin telen Ingila da Najeriya, tsoffin telenmu kuwa SECAM ne irin na Faransa. A nemi tele mai karɓar duka biyun, magana ta ƙare.

Sai batun waya, wanda a ganina nan ne rabin aikin yake. Ta kafar eriya hoton dishi-dishi yake fitowa, haruffa na rawa. A bayan na'urar akwai wata kafa zagayayya, ita ke fitar da hoton kai tsaye. Idan mai rami 8 ce, tana raba haske daban, launi daban, kuma da wayar S-Video haruffa 40 na kowane layi sai su fito tas. Mai kwamfutar Thomson MO5, wadda ta fito a 1984 aka baza ta makarantun Faransa a 1985, shi ya huta, don Péritel, kafar jona hoto ta telen Faransa, take amfani da ita. Ni dai tele mai ƙeya na fi so. Mai shafaffiya ya mayar da ita 4:3, siffar hoton tsohuwar tele, in ba haka ba da'ira ta koma ƙwai.

Shuɗi a kan shuɗin da Commodore ke buɗewa da shi yana gajiyar da ido. Rubuta POKE 53280,0 da POKE 53281,0, fuskar ta koma baƙa, sannan POKE 646,1 rubutu ya zama fari.

Wajen koyon BASIC, harshen rubuta wa kwamfutar shiri, mu da muka yi lakwal da Faransanci mun ci riba: mujallar Hebdogiciel ta shekarun 1980 cike take da shirye-shiryen da mutum ke kwafa layi-layi, kuma ana samunta a intanet. Fara gwadawa a kwamfutar zamani da VICE ko DCMOTO, manhajojin da ke kwaikwayon Commodore da Thomson. A kan na'urar kuwa, riƙa adanawa a kaset, don ana ɗauke wuta duk abin da ka rubuta ya tafi.

Tsohon akwatin wutar Commodore kada ka yarda da shi. In ya tsufa yakan tura fiye da bolt 5 ya ƙone ƙwaƙwalwar, balle da zafin watan Afrilu. A auna shi wurin mai gyaran rediyo kafin a jona.