Tarihin Rayuwata, Kashi na 31: Samarin Birazil da Tambarin Fasfo

Makon jiya na yi alkawarin ci gaba da zancen rasuwar Goggo da rabon gidan Fagge, amma saƙon da Yaya ya aiko ta bakin yaransa ya sa dole in karkata. Wai har yau yana nan kan bakansa, cewa kuɗin tafinta da na ci a Landan ba su da tsarki, tunda da yawa cikin waɗanda na yi wa tafinta samarin Birazil ne masu sayar da jikinsu. To bari in zayyana abin da aikin ya ƙunsa. Ba wanke sana'ar zan yi ba, addininmu ya gama magana a kanta. Zancen takarda zan yi. Kawu, Allah ya jiƙansa, ba ya gajiya da cewa zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, kuma a wannan harka marataya sun fi makasa yawa.

A can Birazil, baligi ya sayar da jikinsa ba laifi ba ne a doka. Tun 2002 ma'aikatar ƙwadago ta sa abin cikin jerin sana'o'in ƙasar. Abin da doka ke kamawa shi ne kawalci da cin gumin wani. Saboda haka yaro yana tasowa da tunanin cewa a Turai ma haka ne, ga shi an gaya masa fasfonsa ba ya buƙatar biza. Gaskiya ne ba ya buƙata, amma ta ziyara ce. Ɗan Birazil yana shiga ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai da suka cire shingen iyaka a tsakaninsu, ya yi kwana 90 cikin kowane kwana 180, Birtaniya kuma tana ba shi har wata shida. Duka biyun ba su ba shi izinin neman ko sisi ba. Dokar karuwanci daban, dokar shige da fice daban, kuma ta biyun ce ke kayar da su.

Lissafin kwana 90 ɗin nan ya kai mutane da yawa ƙasa. Ba daga ranar shigowa ake ƙirgawa gaba ba. Jami'i yana tsayawa a ranar da kake gabansa ya waiwaya baya kwana 180, ya tara duk kwanakin da ka yi a ciki, ko a Fotugal ne ko a Jamus, duk asusu ɗaya ne. Wanda ya sauka Lisbon, babban birnin Fotugal, ranar 1 ga Janairu ya zauna har 31 ga Maris ya cinye rabonsa, ba shi da sauran kwana sai ƙarshen Yuni. Amma masu kawo su sukan ce musu, tsallaka Landan ko Dublin, da ba sa cikin Shengen, ka yi mako ɗaya ka dawo, lissafi ya koma sabo. Ƙarya ce tsagwaronta. A da wani lokaci jami'in da ya gaji ba ya bin tambarin ɗaya bayan ɗaya, sai a wuce. Daga 12 ga Oktoban 2025 Turai ta fara ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu a kan iyaka, kwamfuta ce ke ƙirgawa, ita kuwa ba ta gajiya. Birtaniya ma tun Janairun 2025 sai ɗan Birazil ya nemi izinin tafiya ta intanet kafin ya hau jirgi.

A filin jirgi tambayoyin ba sa canzawa: ina tikitin komawa, ina za ka kwana, nawa ke hannunka, wa ka sani a nan, me kake yi a gida. Ba waɗannan ke kama yaro ba, wayarsa ce. Ya riga ya sa talla a intanet da hotonsa, ya rubuta cewa zai kasance a gari kaza daga ranar kaza. Idan aka ware shi gefe aka ga wannan, magana ta ƙare, jirgi na gaba zai mayar da shi. Idan kuma aka tabbatar ya yi ƙarya wajen neman izini, Birtaniya tana iya rufe masa ƙofa shekara 10. Wanda ya wuce wa'adi da fiye da kwana 30 ya biya wa kansa kuɗin komawa, shekara ɗaya ce. Wanda aka tasa ƙeyarsa, goma.

Wanda ya samu ya shiga Ingila kuwa, sabon tarko ke jiransa. Mutum ɗaya a ɗakinsa bai karya dokar karuwanci ba. Da zarar sun zama biyu a gida ɗaya, ko da ba lokaci guda suke aiki ba, gidan ya zama gidan karuwai a idon doka, kuma wanda sunansa ke kan haya ko yake karɓar kuɗin wuta ana iya tuhumarsa da gudanar da shi, hukuncin yana kaiwa shekara bakwai. Su kuwa don tsoron ɓarayi da mugayen baƙi suke haɗuwa biyu. Tun 2016 kuma aiki ba izini laifi ne mai zaman kansa, ana iya ƙwace abin da mutum ya tara. Mai gida halal ba zai ba shi hayar zama ba, don doka ta wajabta masa duba takarda. Banki ba zai buɗe wa wanda wa'adinsa ya wuce asusu ba. Wa ya rage? Ɗan ƙasarsu mai takarda, wanda zai kama gida da sunansa ya sayar musu da ɗaki mako-mako a ninkin kuɗinsa, ya karɓi kuɗinsu ya aika gida ya cire kasonsa, ranar da aka yi gardama kuma ya ce zai buga wa shige da fice waya. Marataya ke nan, Yaya, ba tafinta ba. Ɗan sandan da ya fasa ƙofa ba shi suke zagi a ɗakin tambayoyi ba, wannan ɗan'uwan nasu suke zagi.

 Bari in koma baya zuwa 2010, don a ƙarshen Agustan shekarar ne 'yan sandan Sifaniya suka sanar da kama mutum 14 da ke safarar samari daga Birazil, akasarinsu daga jihar Maranhão, ɗaya daga cikin jihohin da talauci ya fi yi wa katutu. Ana saya musu tikiti, suna sauka a ce ana bin su bashin da ya kai yuro 4,000, ana yawo da su gari-gari, ana ɗura musu ƙwayoyi don su yi aiki dare da rana. Wasu sun san abin da za su je yi, wasu an ce musu rawa ce ko tallan kaya. Wannan yawo na gida-gida, mako biyu ko uku a nan a koma can, har yau shi ne tsarin, kuma yana da illar da ba a gani nan take. Sifaniya tana ba wanda ya daɗe a ƙasar ba takarda damar gyara zamansa, a da sai shekara uku, daga Mayun 2025 aka mayar biyu. Hujjar da aka fi dogara da ita ita ce rajistar adireshi a ƙaramar hukuma. Wanda yake sauya gari duk sati uku a ina zai yi rajista? Sai ya shekara biyar a ƙasa ba shi da abin nunawa, alhali ɗan Birazil da ya yi shekara biyu kacal da zama na halal yana iya neman zama ɗan ƙasa.

Ƙasashen da aka ce sun halatta ma ba su halatta musu ba. Jamus tun Yulin 2017 ta wajabta rajista da ganin jami'in lafiya, amma kafin a ba ka katin sai ka nuna izinin aiki, mai ziyara kuwa ba shi da shi. Holan ta ɗage haramcin gidajen a 2000, amma ba ta bayar da izinin wannan aiki ga wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba. Suwidin tun 1999, Faransa tun 2016, Ayalan tun 2017, mai saye suke hukuntawa, sai dai idan aka bi mai saye har ƙofa, fasfon mai sayarwa ake fara tambaya. A Ayalan da yawa da takardar ɗalibin koyon Turanci suke, mai izinin aikin awa 20 a mako a ƙarƙashin wani, ba aikin kai ba. Amurka ba ta ɓoye nata ba, takardar neman biza tana tambaya kai tsaye, kuma wanda ya yi sana'ar cikin shekara 10 da suka wuce ba ya shiga.

Shi ya sa a cikinsu akwai 'yan gata da 'yan bora, kuma kakanni ne suka raba su. Wanda kakansa ya yi hijira daga Italiya ko Fotugal zuwa São Paulo ta Birazil yana iya samun fasfon Turai, ya yi rajista a Jamus, ya biya haraji, ya kira 'yan sanda idan an yi masa fashi. Kotun Tarayyar Turai tun 2001 ta yanke cewa sana'ar tana cikin ayyukan neman kuɗi na mai zaman kansa. Yaron Maranhão ba shi da irin wannan kakan. Ƙofofin ma rufewa suke ta yi: Birtaniya ta daina karɓar fasfon Turai a matsayin izinin aiki daga ƙarshen 2020, Fotugal ta soke hanyar shiga a matsayin baƙo a gyara takarda daga baya a Yunin 2024, Italiya kuma a Maris 2025 ta taƙaita gadon fasfo ga mai uba, uwa ko kaka haifaffen can. Duk ƙofar da aka rufe, farashin marataya ke tashi. Har auren takarda suke sayarwa, su karɓi kuɗi su ɓace kafin ranar tambayoyi.

Akwai hanyar kariya ga wanda aka yi safararsa. A Birtaniya, idan baligi ya yarda aka miƙa sunansa kuma aka ga alamar gaskiya, ana ba shi aƙalla kwana 30 ba za a kore shi ba, da wurin kwana, amma wannan ba izinin zama ba ne. Sifaniya tana ba da aƙalla kwana 90. Maza ba su cika karɓa ba. Namiji ya zauna gaban jami'i ya ce an yaudare ni, an riƙe fasfona, abu ne mai nauyi, balle uwarsa tana can tana gaya wa maƙwabta ɗanta yana aiki a gidan abinci, shi kuma mai bin bashin ya san ƙofar gidansu. A nan aikin tafinta yake da haɗari. Idan yaro ya ce "ina bin umarninsa" ka fassara "ina aiki da shi", ka mayar da wanda aka zalunta abokin laifi. Yaya bai taɓa tambayar wannan ba, shi da ya karɓi kujerar Makka daga kuɗin nan bai ce komai ba sai bayan da aka zo rabon gida.

Abin da ya fi cin rayukansu shi ne gudun asibiti. A Birazil maganin ƙanjamau kyauta ne tun 1996, don haka yaro yakan taho da na wata biyu ko uku a jaka. Idan ya ƙare sai ya fara tsallake kwana don ya ja shi, ko ya saya a hannun mai ba shi ɗaki, alhali tsallake magani shi ke sa ƙwayar cutar ta daina jin sa. A Ingila asibitocin cututtukan saduwa kyauta ne ga kowa ko ba takarda, maganin ƙanjamau ma haka tun Oktoban 2012. Mai ba da ɗaki ya san da wannan sarai, ba zai faɗa ba, don kwalbar da yake sayarwa za ta yi kwantai.

Zancen gidan Fagge sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, kuma zan kawo kwanan watan da aka sayar da shagon gaba ba da sanin Inna ba.