Sababbin ɗalibaina sun iso, kowannensu yana ganin ya san koyarwa

Makon nan aka buɗe sabuwar shekarar karatu, tsangayarmu ta ilimi ta sake cika. Layin rajista ya kai bakin matakala, 'yan aji ɗaya suna yawo da fayil a hannu suna tambayar inda ɗakin lakca yake. Bana ma ni aka ba kwas ɗin dabarun koyarwa na sababbin ɗalibai, kuma duk cikin kwasa-kwasan da nake ɗauka shi na fi so.

Ga dalili. Wanda ya zo karatun likita ya san bai taɓa yin tiyata ba. Amma wanda ya zo karatun malanta, tun yana ƙaramin yaro yake zaune gaban malamai yana kallonsu. Wani masanin zamantakewa Ba'amurke, Dan Lortie, ya ƙiyasta a 1975 cewa kafin yaro ya gama sakandare ya shafe kimanin awa 13,000 yana kallon malamai a bakin aiki. Shi ya sa suke zuwa mana da yaƙinin sun san sana'ar. Idan ba a tashi tsaye a kansu ba, za su karɓi digiri su je su koyar yadda aka koyar da su, har da abubuwan da suka tsana suna yara.

Abin da ɗalibi yake hangowa daga kan benci ɓangare ɗaya ne kawai na aikin. Bai ga daren da malami ya zauna yana tsara darasi ba. Bai san me ya sa aka fara da wannan misali aka bar wancan ba, ko me ya sa aka tsallake mai ɗaga hannu aka kira wadda ta sunkuyar da kai.

Saboda haka a lakcar farko ba na fara musu da tarihin ilimi. Rubuta wannan nake yi a allo: 52 − 38 = 26. Sai in ce wani yaro ɗan firamare ne ya ba da wannan amsa, me ke cikin kansa? Yawanci sai su ce, "Malam, bai iya lissafi ba ne," wasu su ce bai mai da hankali ba. Sai in ce su ƙara dubawa. Can sai wani ya gano: yaron ya cire 3 daga 5 ya sami 2, ya cire 2 daga 8 ya sami 6. Wato yana da ƙa'idarsa, kullum ƙaramar lamba yake cirewa daga babba, ko tana sama ko tana ƙasa. Yaron nan yana tunani, kuma tunaninsa yana da tsari. Malamin da ya ja masa jan biro ya rubuta 14 ya wuce bai taimake shi da komai ba, gobe ma haka zai yi. Irin wannan sani ne wani masanin ilimi Ba'amurke, Lee Shulman, ya yi bayaninsa a 1986: sanin darasi daban, sanin inda yara ke tuntuɓe a cikinsa da yadda za a fito da su daban. Na biyun nan shi ne sana'armu, kuma raina yana ɓaci idan na ji ana cewa duk wanda ya san abu zai iya koyar da shi.

Akwai kuma maganar shiru. A farkon shekarun 1970, wata mai bincike kan koyarwa a Amurka, Mary Budd Rowe, ta saurari faya-fayan darussa masu yawa, ta gano cewa malami idan ya yi tambaya, kimanin daƙiƙa ɗaya yake jira kafin ya amsa da kansa ko ya koma kan wani yaro. Da aka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa uku ko fiye, amsoshin yara suka ƙara tsawo, masu cewa "ban sani ba" suka ragu, waɗanda ba sa magana suka fara sa baki. Ɗalibaina sukan ga kamar abu ne mai sauƙi, sai ranar da suka tsaya gaban aji suka ji nauyin shirun nan.

Ba na bari sai lokacin gwajin koyarwa a makarantu kafin su tsaya. Tun zangon farko kowa zai koyar da 'yan'uwansa kaɗan darasi na 'yan mintoci, a ɗauka da kyamarar waya, a kalla tare, a gyara, ya sake koyarwa. A Jami'ar Stanford ta Amurka aka fara wannan dabara a 1963. Ganin kai a bidiyo ba daɗi, amma a nan mutum yake gane cewa da allo yake ta magana, ya ba ajin baya.

Na san da dama cikinsu ba malanta suka nema ba, wani kwas ne ya kuɓuce musu aka turo su nan. Ba na ganin laifinsu, ba na kuma yi musu alkawarin arziki. Gaskiya nake faɗa musu: UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ce duniya na buƙatar ƙarin malaman firamare da sakandare miliyan 44 kafin 2030, kuma kaso mai yawa don maye gurbin masu barin aikin ne. Aikin yana da wuya, ana kuma nemansu. Abin da nake roƙo shi ne su ba shi zango ɗaya da zuciya ɗaya kafin su yanke hukunci.

Aikin gida na farko da na ba su shi ne kowa ya nemi yaro ɗan firamare, ya ba shi lissafin ɗebewa guda biyar, kada ya gyara masa ko ɗaya. Ya dai tambaye shi yadda ya yi, ya rubuto mini abin da yaron ya faɗa da bakinsa. Mako mai zuwa da waɗannan amsoshi za mu buɗe lakca.