Gyauro a Lambun Cikin Gida

Da zarar ruwa ya zauna a watan Yuni, tambayar da matan gida suka fi yi mini a zagayen aikina na malamin gona tsakanin Argungu da Birnin Kebbi ita ce ta tsiron da ba su shuka ba: tumatir a bakin rariyar wanke-wanke, kabewa a kan juji, gwanda a gindin katanga. A makaranta an koya mana cewa duk tsiron da ya fito inda ba a neme shi ba ciyawa ne. Aiki kuwa ya nuna mini cewa ba a yanke wa gyauro hukunci sai an san inda ƙwayarsa ta fito, kuma sau da yawa mutanen gidan ne ke da amsar.

Ƙwayar tumatir tana ratsa cikin mutum da na dabba ta fito da ranta, shi ya sa ake ganinsa a wuraren da bai kamata a ambata ba. Awaki suna cin 'ya'yan gawo da bagaruwa, ƙwayar mai taurin ɓawo ta biyo taki, ta tsiro a tsakiyar kwamin albasa. Saboda haka kafin in duba ganye nakan tambayi daga ina aka kawo taki, da kuma abin da aka shuka a wurin bara.

Idan yakuwa ce, ko rama, ko lalo, ko alayyafo, ko zogale, shawarata ita ce a bar su, a rage cunkoso kawai. Irin gida ne da ya saba da ƙasarmu, ya fito a lokacin da danshi ya yi masa, kuma ba a taɓa saiwarsa da dashe ba, don haka yakan riga wanda aka shuka da hannu shiga tukunya.

Tumatir ne ya fi ba ni wahalar bayani. Da yawa daga wanda ake saya a kasuwa yanzu irin aure ne na kamfani, wato wanda aka haɗa daga iri biyu daban, kuma ɗan irin aure ba ya ɗauko kamannin uwarsa: uwar ta yi manya masu tauri, ɗan ya yi ƙanana masu ruwa, ko ya yi ganye jingim 'ya'ya kaɗan. Abin da ya fi wannan damuna shi ne, gyauron da ya rayu a bakin rariya daga damina zuwa rani mafaka ne ga farar ƙuda mai yaɗa cutar nannaɗewar ganye, da kuma tsutsar Tuta absoluta da ta cinye gonakin tumatir a Arewa a 2016. Wata dattijuwa da na yi wa wannan bayani ta ce mini, "Ɗana, abin da Allah ya kawo har gida ai ba a korarsa." Na ce, "Gaskiya ne Inna, amma a bar biyu masu lafiya, a tuge su kafin a yi yafin irin rani." A kan haka muka daidaita, kuma ita ce shawarar da nake bayarwa har yau.

Akwai kuma waɗanda ba na sassautawa a kansu. Zaƙami yana ƙarami ana iya ɗaukarsa yalo, sai an murza ganyen warinsa ya tona shi, ga shi guba ne a gidan da yara ke wasa. Gyauron dawa mai ɗanyen toho yana kashe akuya, musamman idan fari ya taɓa shi, abin da makiyaya suka sani tun kafin a rubuta shi a littafi. Kankana ko kabewar da ta fito da kanta, idan aka ɗanɗana aka ji ɗaci mai tsanani, a tofar a zubar, domin dafuwa ba ta kashe wannan ɗacin. Dogon yaro kusa da katangar ƙasa a cire shi tun yana tsawon yatsa.

Gwanda kuwa haƙuri take so, domin ba a gane namiji da mace sai ta yi fure. A bar uku ko huɗu su taso. Wanda ya saki furanni a dogayen sillaye masu reto namiji ne, kuma guda ɗaya ya ishi gidan har da maƙwabta.