Zakaran da na sayo ranar kasuwa

Shekara 4 kazata Wake-wake ta yi a gidanmu, kuma da hannuna na shigo da abin da ya kashe ta. Sunan ya samo asali ne daga launin gashinta, fari da ɗigon baƙi. Ita ce take fara zuwa gindin turmi idan ta ji ina surfe, kuma ta yi mini kwanci sau da yawa, ta cika kwana 21 a kan ƙwai, ta fito da 'yan tsakinta tana kare su daga shirwa da fukafukanta a buɗe.

A tsakiyar hunturu na ga wani jan zakara a kasuwa, farashinsa ya yi sauƙi ƙwarai, ban tsaya na tambayi kaina dalilin arahar ba. Daga baya na fahimci cewa idan annoba ta shiga gari, masu kaji sukan yi gaggawar kai su kasuwa kafin su mutu. Da yammacin ranar na sake shi cikin akurki ɗaya da sauran. Da na ware shi na mako 2 kawai, da cutar ta bayyana a jikinsa shi kaɗai.

Kwana 5 bayan haka zakaran ya fara gyangyaɗi, yana koren kashi. Sauran suka bi. Na jiƙa ɓawon maɗaci, na zuba barkono a ruwan shansu, na fasa kafso mai ja da rawaya, babu abin da ya yi amfani. Likitan dabbobi da ya duba su ya ce cutar Newcastle ce, wadda ƙwayar bairos ke haddasawa, saboda haka kafso ba ya taɓa ta. Ya ce akwai allurar rigakafi mai suna I-2 da ake yi a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom kusa da Jos, ɗigo ɗaya a ido, a maimaita bayan wata 3 zuwa 4, amma ba ta warkar da kazar da ta riga ta kamu. Kuɗinta bai kai na zakaran nan ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Wake-wake ce ta fi daɗewa tana fama. Wuyanta ya murɗe har bakinta ya koma sama, tana jin muryata tana ƙoƙarin tasowa sai ta faɗi gefe. Surukata ta leƙo ta ce, "'Yar nan, sabo da kaza ba ya hana yanka, ki bari Malam ya sa mata wuƙa kafin ta zama mushe." Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, ba zan iya ba." Na ci gaba da ɗiga mata ruwa da cokali har asubahin da na same ta ta sandare.

Ban yarda a jefa ta a juji ba, domin karnuka suna jan mushe su kai cutar gidajen maƙwabta; rami mai zurfi muka haƙa a bayan gida. Cikin kaji 11, biyu ne suka tsira, ɗaya 'yarta ce. An ɗiga musu rigakafi, kuma yanzu duk kazar da ta shigo gidan nan, ko kyauta ce daga 'yan'uwa, sai ta yi mako 2 a keɓe. Har yau idan na ɗauki taɓarya nakan waiwaya gindin turmi.